Labarin da Iya Ba Ta Ji Ƙarshensa Ba

Ranar wata Laraba, sati biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji shida na firamare, Yaya Auwalu ya kife turmin Innarmu a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ɗora kwamfutarsa a kai, ya ce duk wanda ya gama aikinsa ya zo ya ji labari. An idar da sallar La'asar ke nan. Ni ina tsugune ina goge gindin tukunya da toka, na bar ta a nan rabi fari rabi baƙi, na share hannu a zani na taho. Muka taru mu bakwai har da 'ya'yan maƙwabta, muna ture juna a kan tabarma ɗaya. A fuskar kwamfutar akwai zanen wani shuɗin ruwa wanda ba a hango ɗaya gaɓar tasa, da ƙaramin jirgi a kai, da wani saurayi rataye da jaka yana tsaye a bakin ruwan. Ƙarƙashin zanen kuwa wani rubutu ne a jere, kamar sawun kaji a kan jiƙaƙƙen yashi. Wani siririn kiɗa yana fita a hankali. Yaya ya buɗe littafin rubutu, ya gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo, ya ce, "Jirgi na ƙarshe zai zo tsibirinmu ranar da zafi ya ƙare. Kafin nan, akwai wasiƙu a jakata da sai na kai wa masu su." Ƙanena Musa ya leƙa kwamfutar, ya leƙa littafin, ya tambaya ko da gaske abin da aka rubuta ke nan. Yaya ya ce da gaske ne, da yaren Japan aka rubuta, shi ne ya juya shi zuwa Hausa.

Mu muna cikin mutanen da ruwan Tiga ya tasa. Tun kafin a haife ni aka kwashe ƙauyen kakanninmu aka sauke su a wani fako tsakanin Tiga da Bebeji, suka sake gini daga tushe. Babanmu yana yaro a lokacin. Ya tashi ya zama masunci a kan ruwan da ya ci gonar ubansa, da rani kuma yana noman tumatir da albasa a bakin kanal, wato babban lambatun siminti da ke kai ruwan dam gonaki. A gidan akwai shi, da Inna, da mahaifiyarsa da muke kira Iya, da mu 'ya'ya biyar. Yaya Auwalu ne babba. Shi kaɗai ne a dangi ya yi karatu har Kano ya dawo da difloma, kuma shekara biyu ke nan takardar tana kwance a akwatin Inna tsakanin atamfofi da turaren wuta, aiki bai samu ba.

Kwamfutar a gwanjo ya saye ta yana makaranta. Tsohuwa ce, kusurwarta ɗaya a fashe, kuma kowane maɓalli yana ɗauke da wani baƙon harafi kusa da na boko, alamar daga inda ta fito. Wata rana yana bincike a cikinta ya ci karo da wani gem da mai ita na farko ya bari. Ba irin wanda samari ke bugawa a gidan gem na Bebeji ba ne, na ƙwallo da tseren mota da naushi. Wannan ba a gudu, ba a harbi. Zane ne da rubutu da kiɗa, ka karanta ka danna, labari ya ci gaba, can sai a tsaya a ba ka zaɓi biyu ko uku, abin da ka zaɓa shi zai juya labarin. Abokansa suka ce ya goge shi ya sa fina-finai. Shi kuwa sai abin ya tsaya masa a rai, yana son ya san abin da mutanen nan masu manyan idanu suke cewa da juna. Ya samo ƙamus ya sa a kwamfutar, ya yi hoton wasu darussa a Kano ya ɗinke su da zare, ya fi shekara yana haddar haruffa. A gona ma, idan ya saki ruwa a kwami yana jira ya cika, sai ya tsuguna yana zana su da tsinke a kan laka. Samarin gari suka sa masa suna Ɗan Japan. Baba bai taɓa hana shi ba, iyakarsa ya girgiza kai ya ce, "Karatun da bai ɗora tukunya a wuta ba, ado ne." Yaya kuwa ya ji ana ba da gurbin karatu a ƙasar Japan ga wanda ya ci jarrabawar harshensu, kuma a wannan ya rataya duk begensa.

Daga wannan Larabar abin ya zama al'ada. Da safe Yaya yana gona tare da Baba, ni ina makaranta. Idan na dawo na ɗebo ruwa, na kai wa awaki harawa, na yi wa Inna surfe, sai in zauna kusa da shi bayan Azahar, yana faɗa ina rubutawa, domin rubutunsa na Hausa ko shi kansa wahalar karanta shi yake yi, ni kuwa malamanmu suna yabon nawa. Batirin kwamfutar ba ya kai awa guda, saboda haka kullum sai an kai ta shagon Malam Sabo mai caji a bakin titi, wani dattijo mai fara'a da yake da janareto. Ƙarfin cajin nan ake rabawa biyu, rabi na fassara, rabi na karanta wa jama'a bayan La'asar. Na daina zuwa gaɗa, na daina 'yar carafke. Ƙawayena suna kirana daga zaure, ina cewa ina da aiki, kuma ina faɗin haka da wani irin ɗaga kai, domin ni kaɗai ce a gari nake sanin abin da zai faru a labarin kafin kowa ya ji.

A wajen rubutun nan na fara gane cewa juya magana daga wani harshe zuwa wani aiki ne mai ciwon kai. Wani lokaci Yaya yakan yi dariya shi kaɗai, ya ce mutanen nan sun fi kusa da mu a kan Turawa. Suna da kalma daban ga wa, daban ga ƙane, kamar mu. Suna rusuna wa manya. Wanda ya gama aiki ana yi masa sannu da aiki, wanda ya shigo gida ana yi masa sannu da dawowa, duk abin da Turanci zai yi ta kewaye-kewaye a kai, Hausa tana da shi a shirye. Amma kuma suna da wata ɗabi'a ta faɗin abin da aka yi ba tare da faɗin wanda ya yi ba, sai mai karatu ya gano da kansa. A nan ya taɓa yin kuskuren da har yau ake tuna shi a gidanmu. Ya karanta mana cewa malamar makarantar tsibirin ta rasu, Inna ta bar tankaɗe ta yi ta share hawaye da bakin zani, washegari ya dawo yana sosa ƙeya ya ce ya sake dubawa, ashe tsohon karenta ne ya mutu. Inna ta ce sai ya maido mata da hawayenta.

Labarin na wani ƙaramin tsibiri ne da mutanensa suka ragu, hukuma ta ce za ta daina aika jirgi, kowa ya shirya ya koma babban gari. Kai mai wasa kai ne saurayin nan mai raba wasiƙu, kullum za ka zaɓi gidan da za ka je. Nan gardama take tashi. Musa da sauran yara maza suna son a je wajen wata 'yar masunci mai tsiwa, domin ita ce take ba da dariya. Inna tana son malamar, ta ce ita ce mai hankali, kuma idan saurayin nan yana da wayo ita zai nema. Wani ɗan maƙwabtanmu, Ɗanlami, kullum sai ya ce gem ɗin da ba a mutuwa a cikinsa ba gem ba ne, da Yaya ya samo na faɗa da ya fi, amma shi ne yake riga kowa zama a tabarma. Baba ma ya taɓa tsayawa da komar kamun kifi a kafaɗa daidai lokacin da ake bayanin cewa ɗanyen kifi suke ci. Sai ya ce, "To, sun huta da neman itace." Ya wuce.

Iya ce kaɗai ta ƙi mu da farko. Ta ce mutane masu idanu kamar na mujiya ba mutane ba ne, ta juya mana baya a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Amma kunnenta yana wajenmu. A cikin labarin akwai wani tsoho da yake zaune shi kaɗai a kan tudu, ya ƙi haɗa kaya, ya ƙi sa hannu a takardar tashi. Ranar da aka kai ga inda yake gaya wa mai wasiƙu cewa matarsa tana kwance a bayan gidan nan, shi ba zai bar ta ba, sai muka ji ɓarar gyaɗa ta tsaya. Iya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kaburburan fa? Da su za su tafi?" Yaya ya ce bai kai wurin ba tukuna. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta dawo cikinmu, ta ƙura wa zanen tsohon ido. A ranar ne, karo na farko a rayuwata, na ji ta yi maganar tsohon ƙauyenmu da bakinta. Ta faɗi kukar da ke ƙofar gidansu, da rijiyar da ruwanta ke da zaƙi, da manyan motocin da suka zo, da 'ya'yanta biyu, yayyen Baba, da suka rasu suna ƙanana, waɗanda yanzu ruwa yake kansu. Ta ce duk ranar da Baba ya kawo kifi sai ta yi tunanin ko a ina kifin nan ya yi kiwo.

Daga nan zaɓi ya fita daga hannunmu. Duk inda aka tsaya, Iya za ta ce a je wajen tsohon nan, kuma ba mai iya musa mata. Tana kiransa ɗan'uwana. Idan ya yi wa ma'aikatan hukuma gardama sai ta gyaɗa kai, idan ya ƙi cin abinci sai ta yi masa faɗa kamar yana jinta. Yaya, wanda take tsokana da maigidana, ya ƙara ƙaimi saboda ita. Muka cika littafi shida. Zuwa tsakiyar bazara an kai jajiberin zuwan jirgi, wasiƙa ɗaya ta rage a jaka, ta tsohon ce, daga ɗansa da ke birni. Mai wasiƙu ya hau tudu, ya tsaya a ƙofa. A nan caji ya ƙare ranar Juma'a, Yaya ya ce saura kaɗan, bai fi aikin sati biyu ba.

Ranar Asabar ya bi Baba kai tumatir kasuwa. Bai saba ba kowa kwamfutar ba, amma ya kira ni ya ce, "Zulai, ke ce mai hankalin gidan nan. Ki kai wa Malam Sabo, idan ta cika ki dawo da ita kai tsaye." Na kai, na jira, na karɓo. Sai dai akwai wata Rabi a ajinmu da ta daɗe tana ƙaryata ni a gaban mutane, tana cewa wanda ko aikin masinja bai samu ba ina zai ji yaren Japan. Gidansu yana hayin wani reshen kanal. Na ce a raina minti nawa ne in je in buɗe mata ta gani da idonta. Gada tana da nisa, sai na bi ta kan wani siririn katako da masu lambu suka gitta. Ina tsakiya silifas ɗina ya zame. Ban faɗa ba, na dai buɗe hannu don in tsaya, jakar kwamfutar ta suɓuce ta faɗa ruwa. Na dira a bayanta, ruwan ya kawo mini ƙugu, na lalubo ta a cikin laka. Ban ƙarasa gidan su Rabi ba. Na zaga ta bayan gari na ɓuya a bayan rumbunmu, na goge kwamfutar da hijabina, na shanya ta a rana tare da jakar. Da na ga saman ya bushe sai na danna maɓallin kunnawa. Wata 'yar fitila ta ƙifta, na ji ƙara kaɗan kamar an taka busasshen kara, sai warin ƙonanniyar roba. Na mayar da ita jaka na ajiye a ɗakin Yaya, na canja kaya, na koma na ɗauki taɓarya ina daka kamar ba abin da ya faru.

Da ya dawo ya danna ta ƙi tashi, ya tambaye ni. Na ce haka na karɓo ta. Kalma huɗu ce, kuma ba ni da abin da na fi nadama a duniya kamarsu. Janareton Malam Sabo ya taɓa ƙona wayar wani, saboda haka Yaya bai yi shakka ba. Ya tafi bakin titi, shi da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tsaya a ƙofar shagon dattijon da yake sa'an Baba yana faɗa masa maganganu har mutane suka taru. Malam Sabo yana ta rantsuwa cewa lafiya lau ya ba yarinya, yana cewa a kira ni. Aka kira ni, na sunkuyar da kai na maimaita abin da na faɗa. Washegari Baba ya tasa Yaya a gaba ya kai shi ya durƙusa ya ba da haƙuri, domin ko da gaskiyarka ba a yi wa babba haka. Amma magana ta riga ta fita. Mutane suka fara kai wayoyinsu wani wuri. Kafin ruwan farko ya sauka, Malam Sabo ya rufe shago ya koma wajen danginsa a Doguwa.

Yaya ya kai kwamfutar Kano wajen masu gyara. Bayan kwana biyu ya dawo, ya tura ta ƙarƙashin gado, ya ce ta mutu har da duk abin da ke cikinta, da ƙamus, da darussa, da labarin. Ya yi ta zuwa shagunan intanet yana neman gem ɗin, ya gano cewa wasu 'yan tsiraru ne suka yi shi don sha'awa shekaru da yawa baya, kuma shafin da suka sa shi ya daɗe da rufewa. Bayan La'asar gidanmu ya koma shiru. Yara sun zo kwana biyu uku suka daina. Iya ce kawai ba ta haƙura ba. Ta ce masa, "Maigidana, ai ka san halin mutumin nan. Ƙarasa mana da ka." Ya ce, "Iya, ni abin da suka faɗa nake juyawa. Abin da ban gani ba, ba zan ɗora musu ba." Ta ce taurin kai ne, ya ce ya ji. Lokacin jarrabawar ya zo ya wuce bai je ba.

Da damina ta yi nisa Iya ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, tari ya sarƙe ta, aka kai ta asibiti aka dawo da ita. Ni ce mai zama da ita da rana idan kowa ya tafi noma, ina ba ta kunu a ludayi, ina kore mata ƙuda. Sau da yawa tana cikin magana sai ta ce ko yaya ɗan'uwanta ya ƙare. Abin yana cina kamar gara. Wata rana da hantsi, ana yayyafi, na ce mata wani abokin Yaya ya samo ƙarshen labarin a Kano, ya gaya masa, shi kuma ya gaya mini. Na shirya shi tsaf tun kwana uku. Na ce a cikin wasiƙar ɗan ya ce yana nan tafe da iyalinsa, hukuma kuma ta ga haka ta fasa, jirgi ya ci gaba da zuwa, tsoho ya zauna a gidansa kusa da matarsa har ƙarshen ransa. Ta saurare ni idonta a rufe har na gama. Sannan ta ce, "Wannan naki ne, Zulai." Na fara rantsuwa, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ba a fasa irin wannan. In ranar ta zo, mota ake kawowa. Abin da nake son ji, da ƙafarsa ya hau, ko ɗaukarsa aka yi." Ta yi tari, ta huta, ta ce, "Kakanku ɗaukarsa aka yi. Mutum huɗu. Bai sake haɗa ido da kowa ba har ya mutu." Ban taɓa jin wannan ba, kuma daga baya na gane Baba ma bai taɓa faɗa wa kowa ba. A lokacin ya kamata in gaya mata abin da na yi. Na buɗe baki, sai na ce ko in ƙaro mata kunu. Bayan kwana tara ta rasu.

Da kaka Yaya ya bi wata motar tumatir zuwa Kudu a matsayin yaron mota. Ya yi shekaru a kan hanya, ya dawo da ciwon baya, ya koyi gyaran injin ban ruwa, yanzu yana da rumfa a Tudun Wada da mata da 'ya'ya huɗu. Sai da na yi aure na haihu sannan na iya zuwa na same shi. Na tarar da shi tsugune a kan wani inji, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Bayan mun gaisa na faɗa masa komai, tun daga Rabi har warin roba. Bai daina kwance ƙusar da yake kwancewa ba. Ya ce mai gyara ya gaya masa tun a ranar, da ya buɗe ta ya tarar da laka a ciki. Na tambaye shi me ya sa bai yi magana ba. Ya ce, "Shekararki goma sha biyu. In na faɗa, Baba zai dake ki, gari ya sa ki a baki, kwamfutar kuma ba za ta tashi ba." Ya ce daga Kano bai zo gida ba sai da ya biya shagon Malam Sabo ya roƙe shi gafara tsakaninsa da Allah, dattijon ya yafe, ya kuma ce a rufa wa yarinya asiri. Wato mutumin da na kashe wa kasuwa ya san ni ce, ya tafi da abin a cikinsa. Na ce zan je Doguwa in same shi. Yaya ya ce ya kai shekara biyar da rasuwa.

Na nuna masa wani rubutun Japan a wayata, na ce ko zai iya karantawa. Ya goge hannu ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, leɓensa ya motsa a kan haruffa biyu ko uku, sannan ya miƙo mini ya ce karatun ya zube. Ya ce kada in ɗora wa kaina, wataƙila ko da kwamfutar tana nan ba zai ci jarrabawar ba, irinsu da yawa sun gwada abubuwa sun dawo gona. Na san don ya sauƙaƙa mini ya faɗa. Na kuma san yadda fuskarsa take a wancan lokacin idan jimla ta buɗe masa bayan kwana biyu yana fama da ita, kuma ban sake ganin wannan fuskar ba.

Na yi shekaru ina neman gem ɗin. Akwai zaurukan intanet inda masu son irin waɗannan labarai suke taruwa daga ƙasashe daban-daban, suna gardama a kan wanne ya fi, wace fassara ce ta ci amanar asali, wanne ya kamata sabon shiga ya fara da shi. Na rubuta musu da ɗan Turancina, na kwatanta tsibirin da mai wasiƙu da tsohon kan tudu. Mutane ne masu kirki. Wani ya ce ya yi kama da kaza, na duba ba shi ba ne. Wata ta jero mini guda biyar ta ce duk sun fi wanda nake nema, in shirya hawaye. Wani kuma ya ce irin waɗannan ƙananan ayyuka da yawa sun ɓace, ko a Japan ɗin ba mai su. Na buga biyu daga cikin waɗanda aka ba ni shawara. Suna da kyau, zanensu ya fi namu nesa ba kusa ba, na kai ƙarshensu ni kaɗai a ɗaki, na kashe waya, ba wanda zan juya in tambaya me ya gani.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kiru. Yaran ajina suna ɗauko wayoyin iyayensu, kowa da gem ɗinsa, kowa ya sunkuya a kan nasa. Kwanan baya wani yaro ya nuna mini yadda ake haska rubutun kowane harshe da waya ta juya shi nan take, ya yi ta dariya ganin yadda na tsaya ina kallo. Abin da ya ci wa yayana shekara biyu na ƙuruciyarsa, yanzu ƙiftawar ido ne, kuma ba wanda yake jin ya yi wani abu. A da muna da tsohuwar na'ura guda mai cajin da bai kai awa ba, gida guda yana jiranta, har da tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba. Yau komai yana hannu, waɗanda za a karanta wa ne babu. Nakan so a ce wayon da nake da shi yanzu ya zo mini da wuri, ko da na yini ɗaya ne. Amma wasu abubuwan ba sa jiran mutum ya yi hankali.